Shaidar da Na Bayar a Bakin Rijiya

Shekara talatin da ɗaya na yi ina malamin gona, mafi yawansu a nan Agadas da kwaruruwan Air, kuma ranaku da yawa sun shige sun ɓace mini sarai. Wadda ban taɓa iya mantawa da ita ba ita ce wata Talata ta watan shida, a shekarata ta goma sha biyu da kama aiki, ranar da muka je karɓar wata sabuwar rijiya a wani kwari kusa da Tabelot. Ina rubuta labarin ne saboda ku da kuka shigo aikin bayanmu, ba don na gama fahimtarsa ba. Har yau akwai wurin da in na zo a cikinsa sai in tsaya.

Ga wanda bai san aikin ba, bari in fara da yadda ake karɓar rijiya. Idan magina suka gama, ba a miƙa ta ga masu garka sai an tura komisyo, wato ƴan mutane daga sassa dabam-dabam, su je su gani da idonsu. Ana auna zurfinta da igiya. Ana duba zobban simintin da aka jera a ciki, ko akwai tsaga. Ana tayar da injin jan ruwa ya yi ta zuba sa'a uku ko huɗu, a ga inda ruwan ya sauka, sannan a kashe a ga yadda yake dawowa. Daga ƙarshe sai a zo kan ruwan kansa, a rubuta ko na daɗi ne ko na zartsi, kowa ya sa hannu. Akwai wata ƴar na'ura da ake tsoma bakinta a ruwa ta nuna yawan gishirin da ke ciki, amma guda ɗaya ce a biro ɗinmu, wato ofishinmu, kuma a wannan sati tana hannun abokan aikinmu da suka tafi wajen Ingal. Idan babu ita, sai a koma ga abin da mutanen da can suke yi, a ɗebo a sha.

Wanda ya fi kowa jiran wannan rijiya wani mai garka ne da ake kira Siliman. Na san shi tun kafin lokacin, don ni ke zagaya garakensu. Mutum ne mai ƙarancin magana, shekarunsa za su kai arba'in, yana jin Hausa sosai kamar yawancin mutanen wajen da ke kawo albasa kasuwa. Tsohuwar rijiyarsa ta ƙafe shekara biyu kafin nan, sabuwar kuma a bakin filinsa aka gina ta, shi zai fara amfani da ita kafin maƙwabta. Da ya ga gini ya yi nisa, sai ya kwance ƙullin irin albasar da ke ɗakinsa ya zuba a ƴan fangula a gefen garkar ƙanensa. Irin gida ne, wanda mahaifinsa ya yi shekaru yana zaɓa, kuma bai bar ko ƙwaya ɗaya a ƙullin ba. Ranar da muka je, dashen ya wuce kwana arba'in, kaurinsa ya kusa na alƙalami. Dashen albasa in ya kai haka ba ya jira, ko a cire a dasa cikin ƴan kwanaki ko ya tsufa a tsaye. Rijiyar ƙanen ba ta iya ɗaukar garka biyu. Amma akwai wani kawunsa a can saman kwarin da ya yi masa tayin rabin filinsa mai ruwan daɗi, su raba abin da Allah ya bayar, ya ce ya ba shi amsa kafin Juma'a, in ba ya so zai ba wani. Duk wannan na san shi kafin mu tashi daga Agadas.

Mu huɗu muka kama hanya bayan sallar asuba. Shugaban tafiyar Mushe Abdu ne, injiniya ɗan Maraɗi, mutum mai kirki da ladabi, wanda wata huɗu kacal da kawo shi Agadas. Sai Haruna na sashen ruwa, sai ni, sai shofer ɗinmu, wato direba, Ɗanjimma, wanda muka yi shekara goma muna bin hanyoyin dutse tare, bai kuma taɓa barin wata magana tawa ta wuce bai tsokane ni ba. Ni a lokacin ban daɗe da tashi daga zazzaɓi ba, ina kan shan ragowar maganin, bakina kullum da ɗaci-ɗaci.

Mun isa da hantsi, rana ta fara zafi. An kafa rumfa, an yanka akuya, mata sun taru gefe guda da yara. Da aka tayar da injin, ruwa ya bugo daga tiyo fari tas, sai guɗa ta tashi. Shugaban magina, wani dattijo gajere da ya yi wata uku yana fasa dutse a ramin nan, yana tsaye da tsumma ɗaure a hannunsa inda guduma ta same shi, yana ta murmushi kamar an yi masa haihuwa. Aikin awo ya tafi daidai. Zurfi ya cika, zobba babu tsaga, ruwa ya sauka kaɗan ya dawo da sauri. Haruna yana ta rubutu a kayensa, littafin aikinsa, yana gyaɗa kai.

Sai aka kawo moɗa. Mu shida muka tsaya a bakin rijiyar, jama'a sun kewaye mu. Kun san yadda abin yake a wurinmu, ba a miƙa wa ƙarami ruwa babba na tsaye. Saboda haka aka fara da Baba Alhusseini, shugaban ƙungiyar masu garka, tsoho mai kimanin shekara saba'in da ba a tsallake maganarsa a kwarin. Ya karɓa da hannu biyu, ya shigar da moɗar ƙarƙashin amawalinsa ya sha, don mutanen wajen ba su buɗe baki a gaban baƙi. Idanunsa kaɗai muke gani. Ya sauke moɗar ya ce, "Ruwa ne mai kyau. Allah ya sa masa albarka." Aka amsa da amin, guɗa ta sake tashi.

Mushe Abdu ya karɓa. Na lura ya ɗan riƙe ruwan a bakinsa kafin ya haɗiye, ya dubi Baba, sannan ya ce, "C'est bon. Ba laifi." Haruna ya kurɓa ya ce sanyi gare shi. Shugaban magina ya shanye tasa kaf, ya goge gemu, ya ce in an sami wanda ya fi wannan daɗi a Air duka a jefa shi cikin rijiyar. Aka yi dariya. Aka cika moɗa aka miƙo mini.

Na yi bisimilla na kurɓa. Abin da na ji shi ne wani santsi a harshe, da nauyi, da wani bauri can ƙasan maƙogwaro, kamar ruwan da aka ɗauraye tukunyar kunun kanwa da shi. Ni ɗan Agadas ne, da kanwa aka rene ni, ba baƙuwata ba ce. Na ɗaga kai ina neman wanda fuskarsa za ta nuna mini shi ma ya ji. Babu. Baba yana kallon sama, Mushe Abdu ya riga ya cire murfin bik ɗinsa, alƙalamin sa hannu, dattijon magina yana dubana da wannan murmushi nasa.

Cikin ɗan lokacin da moɗa ke hannuna, tunani iri-iri suka zo mini. Na ce ko maganin zazzaɓin ne ya ɓata mini baki, don ko ruwan gidana a kwanakin ba na jin daɗinsa. Na ce Baba an haife shi a kwarin nan, ya sha ruwan kowace rijiya da ke cikinsa, ni wane ne. Na ce Haruna aikinsa ke nan, ruwa, ni ganye na sani. Na ce mutum huɗu, duk masu hankali, ba za su haɗu a kan kuskure ɗaya ba. Don in tabbatar, sai na sake kurɓa. To nan ne wurin da nake tsayawa. Wallahi a kurɓa ta biyu ban san abin da na ji ba. Santsin kamar yana nan, kamar kuma babu shi. Ruwa ne mai sanyi a rana mai zafi, maƙogwarona yana so. Ban sani ba ko harshena ne ya saba, ko kunnena ne ya rinjayi harshena. Na ji bakina ya ce, "Da daɗi."

Siliman ne na ƙarshe. Shi ma ƙarƙashin amawali ya sha, ya daɗe bai sauke moɗar ba. Da Baba ya tambaye shi yadda ya ji, sai ya ce, "Yadda kuka ce." Mushe Abdu ya rubuta ruwan daɗi. Na sa hannu, ni ne na uku a takardar.

Da azahar ta yi, da ruwan muka yi alwala. Na ji yana sulɓi a fatata kamar da ragowar sabulu. Wajen kurkurar baki, maimakon in yi abin da ke gabana, sai na sami kaina ina juya ruwan ina bincike, sau uku, kowane da amsarsa dabam. Allah ya gafarta mini, sallar nan ban san yadda na yi ta ba. Aka yi ruku'u na yi, aka yi sujada na yi, aka sallame na sallame.

Bayan an ci nama, ina wanke hannu, Siliman ya zo ya taɓa gefen rigata. Muka matsa bayan rumfa, inda ake hango filinsa. Ya riga ya gyara shi tsaf, fangula a jere, ya zuba taki, ya ja hanyar ruwa tun daga bakin rijiya.

Ya ce, "Malam Ilya, su sun san dutse da siminti. Kai ne ka san albasa. In dasa?"

Na ce masa ai ya ji abin da jama'a ta faɗa.

"Na ji," in ji shi. "Kai nake tambaya."

Na dubi filin, na dubi rumfar da mutane ke ta raha, na tuna hannuna yana kan takarda, tawada ko bushewa ba ta gama yi ba. Idan na ce ya dakata, to me na sa wa hannu ɗazu? Na ce, "Dasa, Siliman. In sha Allahu ba komai."

Ya yi godiya. Ya ce gobe zai aika wa kawunsa ya ba wani filin.

Abu ɗaya na yi kafin mu tashi, kuma har yau ban san sunan da zan ba shi ba. Ana kwance tiyo, na faki idon mutane na cika wani butalin roba da ruwan, na tura ƙarƙashin kujerar mota. Wanda ya yarda ruwa na daɗi ne ba ya yin haka. Wanda kuma ya tabbata na zartsi ne ba ya ce wa mutum ya dasa. Ni na yi duka biyun a cikin sa'a ɗaya.

A hanyar dawowa muka tsaya la'asar a gindin wata ƙaya. Mushe Abdu da Haruna suka yi nisa kaɗan, ni da Ɗanjimma muka rage jikin mota. Sai ya ce, "Malam Ilya, wace irin rijiya kuka karɓa yau? Na ɗora shayi da ruwanta, ya fito baƙi kamar tawadar allo, kumfa ta ƙi tashi. Zubarwa na yi, na koma ga na bidona, jarkar da na ciko daga gida."

Na ce masa ai mutum shida ne suka sha suka ce da daɗi. Ya tambayi wanda ya fara sha. Da na ce Baba Alhusseini, sai ya kama ƙofar mota yana dariya.

"Tsohon da taba da kanwa ba su barin kuncinsa tun kana goye? Ai ko ruwan gishirin Tegidda ka ba shi, cewa zai yi a ƙaro. Ku da bik da kaye, a kan harshensa kuka ɗora rijiya?"

Ban taɓa tunanin haka ba, ko da yake na sha ganin Baba yana ɓantarar kanwa yana haɗawa da garin taba. Na tambayi Ɗanjimma abin da ya hana shi magana tun muna can. Ya ce shi shofer ne, ba a sa sunansa a takarda ba, kuma manya shida sun sha sun yaba, shi da butar shayi zai fito ya ƙaryata su a gaban mata? Sannan ya daina dariya ya dube ni. "Kai fa? Ba ka ji komai ba?"

Na ce, "Ban sani ba." Ya ɗauka wasa nake yi.

Da muka koma mota, na yi ta juya yadda zan tayar da maganar. Daga bisani na tambayi Haruna, kamar hira, ko sabuwar rijiya takan zo da wani ɗanɗano. Ya amsa da sauri, kamar dama yana jiran tambayar, ya ce sabon siminti kan sa ruwa ya yi santsi, amma in an yi sati ana ja sai ya wuce. Mushe Abdu ya ce to madalla, gobe zai tura rapor, wato rahoton aikin. Na riƙe maganar Haruna da hannu biyu. Sai bayan mun shigo gari na lura da cewa ban ambaci santsi a tambayata ba.

Laraba da safe na zauna na rubuta wa Siliman wasiƙa da ajami, don limaminsu na karantawa, kuma kullum akwai kamiyo, babbar motar kaya, mai zuwa Tabelot daga tasha. Na rubuta gaisuwa, na rubuta "ka dakata da dashe," sai alƙalami ya tsaya. Saboda me? Saboda shayin shofer ya ƙi kumfa? Saboda ni da ke shan maganin zazzaɓi na ji abin da ban tabbata na ji ba? In kuwa simintin ne, na sa mutum ya bar rijiyar ƙofar filinsa ya tafi rabon amfani a filin wani, kuma na kunyata dattijon magina a banza. Na ninke takardar na sa a aljihu. Kowace safiya sai in kurɓi ruwan butalin nan. Ran Laraba na ji zartsi. Ran Alhamis ban ji ba. Na ba maiɗakina ba tare da na gaya mata komai ba, ta kurɓa ta tofar, ta ce warin roba kawai take ji, in kuma daina ajiye tarkace a bayan randa. Juma'a ta zo ta wuce, wasiƙa na aljihuna.

Sai da aka kusa sati uku mutanen Ingal suka dawo da na'urar. Ran da ta shigo biro, na jira kowa ya fita cin abinci, na zuba ragowar ruwan a kofi na tsoma ta. Lambar da ta nuna ta wuce abin da albasa ke ɗauka nesa ba kusa ba. Na wanke bakinta na gwada da ruwan pampo, ta nuna daidai. Na sake tsomawa a nawa, ta koma inda take.

Na shiga wurin Mushe Abdu na ajiye masa kofin da na'urar. Ya dubi lambar. Sannan ya cire tabarau ya ce shi ma ranar ya ji wani abu, amma ya ɗauka haka ruwan duwatsu yake, kuma bai ga ya dace baƙon wata huɗu ya musa wa tsohon gari a kan ruwan garinsu ba. Bai yi mini faɗa a kan butalin ba, bai kuma tambayi dalilin da ya sa na ɓoye shi ba. Na fi son da ya yi faɗan. Washegari muka koma, mu huɗun nan dai.

Tun daga nesa na ga abin da nake tsoro. Gefen kowane fangali ya yi fari kamar an barbaɗa gari. Ruwan da aka ba su da safe yana kwance a sama, ƙasa ta ƙi sha. Albasar ta tsaya inda aka dasa ta, bakin ganyen ya ƙone ya murɗe, wadda ta mutu ta fi wadda ta rage. Muka tsoma na'ura a rijiyar kanta, bayan sati uku ana ja kullum, ta nuna abin da ta nuna a biro. Ba siminti ba ne.

Aka taru a inuwa don a sake takarda. Abin da ya faru a taron nan ya fi na farko ruɗa ni. Mushe Abdu ne ya fara, ya faɗi abin da ya faɗa mini. Haruna ya karɓa, ya ce shi tun kurɓar farko ya gane, shi ya sa bai ce da daɗi ba, sanyi kawai ya ce. Shugaban magina, wanda ya nemi a jefa shi rijiya, ya ce shi tun suna haƙa, da suka iso wata ƙasa mai toka-toka, jikinsa ya ba shi. Wasu daga cikin ƴan kallo, waɗanda ban ma ga sun sha ba, suka ce su ma sun ji. Har Baba Alhusseini, da taba a kuncinsa a daidai lokacin, ya gyara amawali ya ce lalle ya ji wani abu-abu ranar, sai dai bai so ya ɓata wa baƙi rai. Ɗanjimma yana jingine da mota, ya dube ni ya kau da kai.

Sati uku da suka wuce mutum shida sun sha, babu wanda ya ji. Yau babu wanda bai ji ba. Ina zaune ina lissafa wanda zan yarda da shi a cikinsu, da kuma a wace rana zan yarda da shi, sai magana ta zagayo kaina. Na buɗe baki na ce ni ma tun kurɓar farko na tabbata zartsi ne. Kowa ya gyaɗa kai. Sai da na rufe baki na ji abin da na faɗa. Ban tabbata ba ranar. Da na tabbata ai da ban yi kwana uku da wasiƙa a aljihu ba. Sau biyu ke nan ina ba da shaida a wuri ɗaya, a gaban mutane ɗaya, kuma duka biyun abin da na ji ana faɗa na maimaita.

Siliman bai zauna taron ba. Na same shi a fili, a tsugune, yana tuge matattun yana tarawa gefe. Na yi sallama na tsuguna kusa da shi. Na gaya masa komai, har butalin, har wasiƙar. Na roƙe shi gafara. Bai daina aikinsa ba sai da na gama.

Ya ce, "Ni ma na ji shi, Malam. Tun a moɗa."

Na tambaye shi, to me ya sa ya dasa.

"Mutum biyar sun sha kafin ni. Na ce ko bakina ne. Shi ya sa na ja ka gefe, inda babu kowa." Ya karkaɗe ƙasa daga saiwar wata ya duba ya ajiye. "Ba sai ka ce mini zartsi ne ba. Da ka ce ba ka sani ba, da na tafi wurin kawu."

Ita ce amsar da na ba Ɗanjimma a gindin ƙaya ba tare da wata wahala ba, a ranar, bayan sa'a biyu. Ita ce gaskiyar abin da ke cikina. Ban taɓa zaton tana da wani amfani ga kowa ba.

Ya ce ya yafe, ba ni na zuba wa ƙasa kanwa ba, abin da Allah ya rubuta ne. Kawun ya riga ya ba wani filin. Mun gwada kwashe ƴan da suka rage zuwa garkar ƙanen, ba su yi ba, saiwar ta riga ta ƙone. A wannan shekara Siliman ƙwadago ya yi a garaken mutane, da kaka kuma ya yi ta ɗinkin buhuna da lodin albasar wasu a kamiyo. Rijiyar aka bar wa raƙuma da awaki, su suna son irin wannan ruwa. Da shekara ta zagayo ya sami wani fili, na kai masa iri mai kyau daga wurinmu. Ya shuka, ta yi. Da na je gani ya ce albasa ce mai kyau, sai dai ba ta ajiyuwa kamar ta mahaifinsa. Ita ta mahaifin nasa ba a sake samun irinta a kwarin ba.

Tun daga nan, duk inda aka sa ni cikin komisyo, ko da na'ura ko babu, ban hana babba fara sha ba, don ba ni da ikon sauya wannan, ban ma so. Abin da nake roƙo shi ne kowa ya sha ya yi shiru, sannan ya zo shi kaɗai ya gaya mini a kunne. Wasu sun yi mini dariya, wasu sun ce na mayar da shan ruwa kamar shari'a. Amma na sha mamakin yadda amsoshi ke bambanta idan ba wanda ya ji na wani.

Abin da na koya game da mutanenmu shi ne, a bakin rijiyar nan babu mugu ko ɗaya. Kowa girmama na gaba da shi ya yi, kowa ya ji kunyar ɓata farin cikin jama'a, kowa ya zargi bakinsa kafin ya zargi na wani. Halaye ne da iyayenmu suka koya mana, kuma masu kyau ne. Sai ga shi sun haɗu sun cinye wa bawan Allah shekara guda da irin gidansu. Yadda abu mai kyau ke haifar da haka, na tambayi malamai, na tambayi ƴan boko, kowa ya ba ni amsa, ban dai sami wadda ta zaunar mini da rai ba.

Game da aikinmu kuwa, ga abin da zan bar muku. Za a kira ku malamai, za ku ji nauyin sunan, za ku ga kamar abin kunya ne a tambaye ku ku rasa amsa. Ranar da mai garka ya ja ku bayan rumfa ya ce ku yake tambaya, kada ku ba shi abin da taro ya ce, ya riga ya ji wannan da kunnensa. Ku ba shi abin da ke cikinku, ko da shakka ce kawai. Shi ya san yadda zai yi da ita. Allah ya yafe mana abin da muka shaida ba da sani ba, ya kuma saka wa Siliman da abin da ya fi wanda ya rasa.